Zangarniya a Ƙofar Inna

Ranar wata Lahadi ce ta watan Oktoba, a shekarar 2016. Mun dawo daga coci ke nan, ina zaune a kujerata ta bakin taga a benenmu na unguwar Parkchester, nan ƙasar waje, ina kallon ganyen itatuwa yana ja yana zuba, sai jikata Rahila ta durƙusa a gabana ta ce in buɗe hannu. Na buɗe. Ta ɗora mini dutse guda, fari sumul, bai kai ƙwan zabuwa ba. Washegarin dawowarta daga Faransa ke nan, ɗana Bitrus, ubanta, shi ne ya ɗauko ta daga filin jirgin sama na JFK a motarsa ta haya, tunda dama can yake yini yana jiran fasinja. Na juya dutsen na ce, "Ƙawata, wasu na zuwa Faransa su kawo wa kakarsu turare, ke tsakuwa kika ga ta dace da ni?" Ta yi dariya ta ce da Hausarta mai ɗingishi, "Kaka, wannan ya fi turare tsada. Shi ne gonar."

Rahila tana aiki a wani gidan cin abinci na masu hali a Manhattan, aikinta zaɓar wa baƙi ruwan inabin da zai dace da abincinsu. Ban taɓa son aikin ba, ban kuma ɓoye mata ba. Masu gidan abincin ne suka tura ta ta ga inda ake yin wanda ya fi kowane daraja a rumbunsu. Ta nuna mini a waya: wani gida mai hasumiya a kusa da babban kogi, da kuringar inabi jere-jere har iyakar gani. Ta ce gidan ya yi ɗaruruwan shekaru, iyalai sun zo sun shuɗe, sunan yana nan. Ta ce tun zamanin wani sarkinsu aka jera gidajen inabi daraja-daraja, wannan yana sahun gaba, har yau bai sauko ba. Amma ni ba hasumiyar nake kallo ba, ƙasa nake kallo. Babu ƙasar kirki a wurin, tsakuwa ce zalla. Rahila ta ce ai sirrin ke nan: ruwa ba ya kwanciya, saiwa sai ta nutsa can ƙasa neman abin sha, dutsen ya sha rana da yini ya mayar wa itacen ɗumi bayan faɗuwarta. 'Ya'yan ba su da yawa, amma kowane ɗaya cike yake. Ta ce in ka tsallaka hanya ka shuka irin nan a ƙasa mai taushi, za ka sami inabi jingim, amma ba wannan ba. Sannan ta ƙara da maganar da ta sa na damƙe dutsen. Ta ce abin da bai kai ba, ba sa ɗora masa babban sunan gidan, ko da kuwa shekarar za ta ƙare musu da asara.

Bitrus yana tsaye a ƙofar kicin yana jinmu, ni kuma na san abin da ya tsayar da shi. Kwanaki ke nan Ayuba, ɗan ƙanena da ke riƙe da gidanmu na ƙauye, yake bugo waya. Masu aikin hanya suna son haƙar marmara a tudun da ke bayan gari, maƙwabta duk sun yarda, saura gona ɗaya a tsakiya, Gonar Tsakuwa. Dattawa sun ce ba ta gandu ba ce, gonar mata ce, ni kaɗai na rage a 'ya'yan mai ita, don haka bakina ake jira. In na amsa, Ayuba zai yi wa gidan rufin kwano ya haƙa rijiya. In na amsa kuma, tudun zai zama rami. Ranar nan na yi alkawarin ba da amsa.

To, bari in gaya muku wace ce Tsakuwa.

Mu Maguzawa ne, daga kudancin Kano, can inda ƙasa take fara tashi duwatsu suna leƙowa. Gidanmu babba ne, kewaye da dangar kara, rumbuna a tsakiya, awaki da zabi ko'ina. Maza suna noma gandu a gangare, inda ƙasa take baƙa mai maiƙo, kowace mace kuma tana da gayaunarta. Tsakuwa ita ce gayaunar da ba wanda ya yi wa rububi. Tana kan tudu, fartanya in ta sauka sai ta yi ƙara ta fid da wuta. An ce kakar Babana ce ta share ta da hannunta, a lokacin da aka raba gonaki aka manta da ita, ta kuma shuka wata jar dawa gajera da ta zo da ita daga gidan iyayenta. Daga ita gonar ta koma hannun matar ɗanta, daga nan ta zo hannun Innata, Kande. Ba a gadonta da haihuwa, macen da ta fi iya tukunyar giya a gidan ita ake miƙa wa. Dawar kuwa abin dariya ce a ido. Karanta bai wuce kafaɗar namiji ba, kanta ɗan dunƙule, ja wur kamar an tsoma a jini. Baffana Tanko, ƙanen Baba, ya taɓa satar irin ya shuka a gangare. Ta yi tsawo, ta yi kai kamar tulu, aka dafa giya da ita, dattawa suka kurɓa suka ce wannan ai ruwan wanke ƙwarya ne.

A kan tudun nan na yi ƙuruciyata. Da dawa ta fara nuna, sai a kafa mana rumfa mai tsawo a tsakiyar gona, ni da ƙannena mu hau tun rana ba ta yi zafi ba, muna korar tsuntsaye. Ba ma neman abin jifa, gonar kanta ce ke ba mu. Mu cika majajjawa da tsakuwa mu wulwula mu saki, garken jan-baki ya tashi fir kamar hayaƙi. In tsuntsaye sun lafa, mu sauko mu zaɓi duwatsu masu santsi mu yi carafke a inuwar ɗorawa, kuma duk 'yan matan garin sun san duwatsun Tsakuwa sun fi zama a bayan hannu, har musaya nake yi da su, a ba ni gyaɗa ko ɗinya. Daga kan rumfar ana hango makarantar mishan da aka buɗe a ƙarƙashin wata tsamiya a ƙetaren rafi. In iska ta juyo, mukan ji yara suna rera haruffa, mu ma mu kama bin su da ihu ba mu san me muke faɗa ba. Ban taɓa shiga ba. Inna ta ce tsuntsu ba ya jiran a tashi daga makaranta. Da yamma in na kwanta rigingine a ƙasa, duwatsun sukan gasa mini baya da ɗumin ranar da ta riga ta faɗi, ɗumin nan da Rahila ta haye teku ta je ta ji labarinsa.

Bayan girbi Inna takan zaɓi kawunan da suka fi cika ta ɗaure dami guda ta rataye a ɗakin girki, inda hayaƙi zai hana ƙwari, wannan shi ne iri. Sauran kuwa na tukunya ne, ba a tuwo da shi ko yunwa ta kai ina. A jiƙa dawa, a baza a rufe da ganye har ta yi tsiro, a shanya, mu durƙusa a dutsen niƙa har gwiwa ta yi kanta. Ruwa sai na idon da ke gindin tudun, ba na rijiyar gida ba, kuma ni ce mai tulu. A dafa, a tace, a bari ta yi tsami, a sake dafawa, sannan a juye a tsohuwar randar da ke kusurwa, wadda sabulu bai taɓa shiga cikinta ba. Inna takan kara kunne a jikin randar kamar mai sauraren ciki, in ta ji tana magana ƙasa-ƙasa sai ta miƙe ta zaro zangarniya guda ja daga damin iri, ta fita ta soke ta a kan dangar ƙofar gida. Shi ke nan shela. Ba maroƙi, ba aike. Duk wanda ya wuce ya ga jar zangarniya ya san giyar Tsakuwa ta nuna a gidan Nomau, wato Babana. A zamanin nan giya ita ce ladan gayya. In gona ta fi ƙarfin mai ita, sai ya kira gayya, samari su zo da fartanyoyinsu da makaɗi, su nome ta tas, a zauna a sha. Gidan da giyarsa ta yi suna ba ya rasa hannu. Mu kuwa har daga ƙauyukan da ban san sunansu ba ake zuwa mana.

Sai shekarar burtuntuna ta zo. Ruwa ya zarce lokacinsa, kawunan dawar Tsakuwa suka koma baƙin gari, in ka taɓa sai ya bi iska. Da ƙyar Inna ta tsinci abin iri. Damina ta zagayo, an yi shuka lafiya, sai kurkunu ya fito wa Baba a ƙafa biyu. Ƙato guda ya kwanta a tabarma, ana naɗe tsutsar a tsinke kaɗan-kaɗan, yana kallon ƙofa yana cizon yatsa, harƙiya da tofa kuwa suna cin gandu har dawa ta fara rawaya. Ba makawa sai gayya. Inna ta auni dawar gangare ta dafa, ta yi duk abin da ta saba, ruwan ido, tsohuwar randa, komai. Ta nuna. Ta ɗiba a ludayi ta kurɓa ta daɗe ba ta haɗiye ba. Ba ta lalace ba, giya ce kamar ta kowa. Ga shi kuma wani mai hali a ƙetaren rafi ya sa tasa gayyar rana ɗaya da tamu, har ya yanka bunsuru.

Ana jajiberin ranar, na dawo daga ɗibar ruwa sai na ga jar zangarniya a kan danga. Na shiga da murna ina faɗa. Inna ta ajiye muciya ta fita, ta zare ta, ta dawo da ita a hannu. Baffa Tanko ya biyo ta har tsakar gida.

"Kande, mayar da ita. Ni na sa."

"Na sani, ai na ga gurbinta a damina."

"Wa zai gane? Sai an gama noma ake sha. Kafin su kurɓa ciyawa ta kwanta."

"In sun kurɓa fa?"

"Su yi tsaki su tafi! Tsaki na cika rumbu ne? Dubi ɗan'uwana a kwance!"

Baba ya ɗaga murya daga ɗaki ya ce, "Ke, bana kaɗai. Ki rufa mana asiri bana kaɗai."

Inna ta tsaya a bakin ƙofarsa ta rusuna, muryarta ba ta tashi ba. Ta ce, "Maigida, giyar nan tawa ce, zan ba kowa ya sha ya ƙoshi. Amma zangarniyar ba tawa ba ce. Ta uwarka ce da kakarka, aro suka ba ni." Ta maƙale ta a damin. Sannan ta juyo gare ni ta ce in bi gida-gida in faɗa: gobe akwai gayya a gandun Nomau, akwai giya, amma ba ta Tsakuwa ba ce.

Na tafi. A wani gidan a ce Allah ya ba shi lafiya, a kau da kai. A wani samari su tuntsire da dariya su ce, "To 'yar Kande, me za mu zo yi, kallon ƙafar tsohonki?" Na faɗi saƙon yadda aka ba ni har gidan ƙarshe, ban rage ba ban ƙara ba, na dawo ina kuka.

Da gari ya waye muka ji gangar noma tana tashi a ƙetaren rafi, samari suna wucewa ta bayan dangarmu da fartanya a kafaɗa, ba mai waiwaye. Waɗanda suka zo mana ba su cika tabarma biyu ba: Sarkin Noma Jatau, tsoho mai furfura har a gira, da 'ya'yansa, da surukanmu, da waɗansu mata ƙawayen Inna. Ba makaɗi. Inna ta ɗaura ɗamara ta shiga kunya tare da su, ni ma aka ba ni guntuwar fartanya. Muka yi har rana ta karkata, rabin gandu muka ci, rabin ya tafi ga ciyawa. Da aka zauna sha, Sarkin Noma ya kurɓa ya goge baki ya ce, "Gaskiyar yarinyar nan, ba ita ba ce." Ya miƙa ƙwarya a ƙara masa.

Kada wani ya ce muku abin ya zo da sauƙi. Shekarar nan mun ci tafasa da rama har harshe ya yi kore, tuwo sau ɗaya a yini, ƙanena ƙarami ya rame har ana ƙirga haƙarƙarinsa. An sayar da akuyar Inna. Baba ya miƙe, amma har kaka ta wuce ba ya kiran ta sai dai ya aiko mu. Ita kuwa kullum tana kan tudu, tana tsugune tsakanin 'yan gajerun karanta. Tsakuwa ta yi kyau a shekarar. Da damina ta sake zagayowa, randa ta yi magana, Inna ta fita da zangarniya ta soke. Washegari sai da aka rasa inda za a tsayar da mutane a gandu, makaɗa biyu suna gasa, har mai bunsurun nan ya aiko da 'ya'yansa. Kafin azahar an gama, aka haura aka nome wa Baffa Tanko tasa gonar. Daga ranar nan, in baƙo ya tambayi ko giyar gidan Nomau ta gaske ce, sai a ce masa, "Ka ga zangarniya? To, zauna." Baba da kansa ya yanko sabon kara ya ƙara wa dangar tsawo, don a hango ta daga nesa.

Ina budurwa bishara ta shigo gidanmu. Baba ya fara karɓa, mu muka bi, Inna ce ta ƙarshe. Ranar da aka yi mata baftisma ta kife tsohuwar randa a bayan ɗaki, ba ta fasa ta ba, ba ta kuma sake tayar da ita ba. Ni ma tun daga ranar tawa giya ba ta ƙara taɓa bakina ba. Amma Tsakuwa ba ta kwana ba shuka. Jar dawar ta koma kunun zaƙi na Kirsimeti da na godiyar kaka, zangarniya kuma ta ci gaba da hawa danga, har maƙwabtanmu Musulmi, da dā sai dai su wuce, suka shiga aiko yara da kwano.

Ina riƙe da dutsen Faransa na ce wa Bitrus ya kira mini Ayuba, irin kiran da ake ganin fuska. Bitrus ya zauna kusa da ni ya ce, "Mama, ki duba. Ruwan sama yana zuba musu a ɗaki. Gonar nan rabonta da shuka an daɗe. Dutse ne fa kawai." Ban ga laifinsa ba. Mutum ne da ke kwana a zaune a mota don mutanen gida su ci, kuma maganarsa gaskiya ce, kamar yadda ta Baffa Tanko ta kasance gaskiya. Fuskar Ayuba ta fito, muka gaisa, ya ce, "Gwaggo, suna jira." Na ce ya ba ni matarsa Saratu. Na tambaye ta ko jar dawar nan gajera ta ɓace. Ta ce, "Wacce, ta kunu? Gwaggo, ai ina ɗan yafa ta a bayan ɗaki, sai dai ba ta yin daɗin da ake faɗa." Ta shiga ɗakin girki da wayar, ta ɗaga sama. Ga dami nan a rataye, hayaƙi ya dafa shi, jan yana leƙowa.

Na ce, "Saratu, ba wurinta ba ne bayan ɗaki. Daga yau Tsakuwa taki ce, aro na ba ki. Ayuba, ka gaya wa masu hanya su kewaye."

Ayuba ya ce, "To, Gwaggo." Bitrus ya tashi ya ɗauki makullin mota ya fita. Mun yi makonni gaisuwa kaɗai ke haɗa mu. Rufin kwanon sai da aka ƙara shekara kafin shi da 'yan'uwansa su haɗa hannu su yi, rijiyar kuwa har yanzu ana magana. Na san abin da na jawo musu, ina kuma kwana da shi.

Da kaka ta zagayo, Saratu ta aiko da hoto. An haƙe tudun hagu da dama, ramuka jajaye cike da ruwa, Tsakuwa kaɗai ta rage a tsaye kamar tsibiri, da 'yan gajerun karanta. Hoto na biyu kuwa ƙofar gida ce, yanzu ta bulo ce ba danga ba, an soke jar zangarniya a ramin bango, yara sun yi layi da kwanuka. Bitrus ya daɗe yana kallo, ya ce shi bai taɓa ɗanɗana kunun ba, in Allah ya kai mu Kirsimetin baɗi zai je.

A nan ina zaune a sama, tsakanina da ƙasa akwai benaye, dawar da muke saya a shagon 'yan Gana a unguwar Morrisania kuwa ba wanda ya san gonar da ta haife ta. Ɗumin da ke gasa mini baya na bututun ɗumama ɗaki ne da ke jikin bango. Rahila ta wanko hoton zangarniyar babba, ta zo da abin liƙi ta ce za ta manna a ƙofarmu ta waje, duk mai wucewa ya gani. Na karɓe shi na ajiye a gefen gadona, na danne da farin dutsenta. Na ce, "A'a, ƙawata. Babu kunun Tsakuwa a gidan nan."